Mata a Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna

An kafa makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA a Kaduna a 1964, amma sai a 2011 aka fara ɗaukar mata a kwas ɗin hafsoshin fagen fama. Wannan kwas shi ne hanyar da ke kai hafsa ga jagorancin runduna. Kafin nan, mata kan shiga aikin soja ne ta ɓangarori irin na lafiya, kamar Aderonke Kale, likitar da ta zama manjo janar mace ta farko a Najeriya a 1994. Wadda aka hana wa kwas ɗin tun farko, an hana ta shugabanci ke nan.

Wasu na cewa horon ya fi ƙarfin mace. Amsa ita ce a tsayar da ma'auni, wanda ya cika shi ya wuce, namiji ne ko mace. Makarantar soja ta West Point a Amurka na horar da mata tun 1976. Wasu kuma cuɗanyar maza da mata ce damuwarsu, kuma suna da hujja. Maganinta shi ne masauki daban da hukunci mai tsanani kan duk wanda ya ci zarafin ɗaliba. A tuna kuma cewa a Arewa maso Gabas Boko Haram ta riƙa ɗaura wa mata bam, alhali al'adarmu ba ta yarda namiji ya caje mace ba. Can ana buƙatar sojoji mata da hafsoshin da za su jagorance su.

Saboda haka, iyaye, idan 'yarku na da sha'awa da ƙwazo, ku bar ta ta nemi gurbin jiharta.