Ƙaramin Ciwo a Ƙafar da Jini Bai Isa Ba

Faso a diddige lokacin hunturu ba abin damuwa ba ne ga mai lafiya, amma ga mai ciwon sukari ko wanda taba ta ƙuntata masa hanyoyin jini, ƙofa ce ta gyambo. Jini ne ke kai dakarun kariya da iskar oksijin wurin rauni, shi ne kuma ke ɗauke da maganin da aka haɗiya. Idan bai isa ƙafa ba, kafso ɗin kemis ba ya kaiwa inda ake buƙatarsa, ƙwayoyin cuta su ci fata, su ratsa tsoka har ƙashi, wani lokaci su shiga jini. Sukari kuma na kashe jijiyoyin ji, har mutum ya taka ƙusa bai sani ba, ko ya ƙone da ruwan gashi.

Wasu na cewa asibiti yanke ƙafa suke yi, gara a shafa garin magani a gida. Tsoron ba na banza ba ne, sai dai akasarin waɗanda ake yanke wa sun je ne bayan yatsa ya yi baƙi, wari ya tashi. Wanda ya je tun ciwon yana ja da kumburi, galibi wankin rauni ake masa, a auna sukari, a duba bugun jinin ƙafar.