Daga Takardar Bincike Zuwa Gadon Mara Lafiya: Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ma'aikatan Lafiya a Gyadi-Gyadi

  



'Ya'yanmu ungozomomi da malaman jinya da jami'an lafiya da ake yayewa yau, ina taya ku murna, ina kuma taya iyayenku. Takardar da za a miƙa muku shaida ce cewa kun sani. Aikin da ke gabanku shi ne ku sa abin da kuka sani ya isa ga mai naƙuda a Darmanawa da yaro mai amosanin jini a Unguwa Uku. A kan wannan nake son mu tsaya yau, domin mu mutanen Tarauni ba sai mun je nesa neman misali ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana nan kan titin Zariya, kuma likitocinsa na cikin waɗanda suka gudanar da binciken da duniya ke aiki da shi a yau.

Mu fara da zubar jini bayan haihuwa, wadda ke kashe dubun dubatar mata a duniya duk shekara. Magungunanta ba sababbi ba ne. Allurar oksitosin da ke sa mahaifa ta tsuke ta daɗe a hannunmu. Tun 2017 wani babban gwaji da Najeriya ta shiga ya nuna cewa allurar tiranezamik tana rage mutuwa daga zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku idan an yi ta cikin awa uku da haihuwa. An buga sakamakon, an yi taruka, amma mata suka ci gaba da mutuwa. Me ya sa? Saboda a ɗakin haihuwa da ido ake ƙiyasta jini, ido kuwa yana raina shi. Idan an farga, sai a gwada magani ɗaya a jira, in bai yi ba a aika neman na biyu, wataƙila mai riƙe da makullin sito ya tashi.

Wannan giɓi ne binciken E-MOTIVE ya tunkara a asibitoci kusan 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 210,000. Jami'ar Birmingham ta Ingila ce ta jagorance shi, a Najeriya kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta riƙe ragamarsa. Sun shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da ma'auni, jini ya taru a ciki, ungozoma ta karanta adadinsa. Da zarar ya kai ma'aunin haɗari, sai a yi komai a tare: a murza mahaifa, a yi alluran biyu, a sa ƙarin ruwa, a duba inda jinin ke fitowa, a kira babban likita idan bai tsaya ba. Sakamakon ya fito a watan Mayun 2023. Inda aka bi wannan tsari an gano zubar jinin a kashi 93 cikin 100 na masu ita, inda ba a bi ba kashi 51 kawai. Mummunar zubar jini da tiyata da mutuwa sanadinta, in aka haɗa su, sun ragu da kashi 60 cikin 100. Kafin shekarar ta ƙare Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tsarin cikin shawarwarinta.

'Ya'yana, ku lura da abin da ya kawo wannan nasara, domin nan darasinku yake. Masu binciken ba su aika da takardar umarni su koma ofis ba. Abu huɗu suka yi. Sun tara duk kayan aikin a keke ɗaya ko akwati ɗaya kusa da gadon haihuwa, ana duba shi ana cike abin da ya ƙare. Sun horar da ma'aikata a cikin asibitinsu, ana maimaita atisaye har hannu ya saba. Sun zaɓi jagorori daga cikin ungozomomi da likitocin wurin, waɗanda za su tsaya a kan lamarin su warware matsala idan ta taso. Sannan suna dawo wa kowane asibiti da alƙalumansa a kai a kai, ya ga inda ya yi daidai da inda ya gaza. Inda aka yi haka, mata tara cikin goma sun sami cikakken magani, inda ba a yi ba, biyu cikin goma. Ilimin ɗaya ne a ɓangarorin biyu, tsari ne ya bambanta su.

Misali na biyu ya koya mana cewa sai an ɗinka wa bincike riga daidai jikin mai sawa. Yara masu amosanin jini suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. A 1998 aka tabbatar a Amurka cewa idan aka auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwar yaro da na'ura, aka riƙa yi wa masu haɗari ƙarin jini duk wata, haɗarin zai ragu da kusan kashi 90 cikin 100. To, a Kano wane magidanci ne zai iya nemo ledar jini duk wata shekara da shekaru? Maimakon su naɗe hannu, likitocin asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala a nan Kano da na Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a kan yara 220. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna cewa ko ƙaramin ma'auni na ƙwayar yana ba da kariya daidai da matsakaici. Ba su tsaya nan ba, suka horar da tawagogi a asibitocin gwamnatin jiha don awon ya ci gaba bayan bincike ya ƙare. Wannan ita ce tambayar da za ku riƙa yi wa kowane sabon shiri: idan kuɗin masu tallafi ya ƙare, wa zai riƙe shi?

Abu na uku shi ne amana. Kano ba ta manta da gwajin maganin sanƙarau na 1996 ba, wanda ya bar iyalai cikin baƙin ciki, kuma wannan tabo na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Rigakafin yana nan, ingancinsa bai canja ba, amma ƙofofi suka rufe. Sai da sarakuna da malamai da mata masu shiga gida-gida suka shigo cikin aikin sannan Kano ta ga ƙarshen asalin ƙwayar cutar a 2014, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ita a 2020. Har gobe mafi yawan matanmu a gida suke haihuwa. Ledar awon jini ba za ta ceci wadda ba ta zo asibiti ba, kuma ba za ta zo ba idan ta san tsawa za a yi mata. Sakin fuskarku da tausasa harshenku suna cikin magani.

Saboda haka ina da roƙo. Ga hukumomin lafiya na jiha da na ƙaramar hukumar Tarauni: a sa ledar awo da allurai cikin kasafin kuɗi, a kuma tanadi firji mai aiki da hasken rana, domin zafi yana kashe ƙarfin oksitosin. Ga iyayenmu sarakuna da limamai: ku faɗa wa magidanta su ba da izinin zuwa asibiti tun kafin naƙuda ta tashi, su kai yara awon ƙwaƙwalwa, matasa kuma su yi gwajin jini kafin aure. Ga malaman jami'a: ku fito da sakamakon bincikenku da Hausa, a rediyo da majalisu, don jama'ar da aka yi binciken a kansu su ji abin da aka gano.

Ku kuma da ake yayewa, duk inda aka tura ku, ku duba kayan aikinku a farkon kowane zama, ku auna kada ku ƙiyasta, ku rubuta gaskiya a rajista ko da ba ta yi daɗi ba, ku koya wa na ƙasa da ku. Kada ku jira a naɗa ku jagora kafin ku tsaya a kan gaskiyar aiki. Rayukan iyayenmu mata da 'ya'yanmu amana ce a hannunku, kuma Allah zai tambaye ku.

Allah Ya yi muku albarka, Ya sa ilimin ya amfane ku ya amfani al'umma, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.