Idan Mai Gida Ya Kulle Maka Ƙofa

'Yan'uwa mazauna Makka, a wannan fili na Arfa Manzon Allah (SAW) ya yi huɗubar ban-kwana, ya haramta taɓa jinin Musulmi da dukiyarsa. Kayanka na ɗakin haya dukiyarka ce.

Duk shekara idan Hajji ya gabato, wasu masu gidaje a Aziziyya da Misfala sukan matsa wa ɗan haya ya tashi, saboda kuɗin alhazai sun fi tsoka. Wani har kwaɗo yake canjawa, ko ya yanke wuta da ruwa. Dokar Saudiyya ba ta ba shi wannan iko ba, ko da yana bin ka bashi. Fitar da ɗan haya aikin kotu ne.

To, idan ka dawo ka tarar an kulle, kada zuciya ta sa ka fasa ƙofa, sai laifin ya koma kanka. Ɗauki hoto, kira maƙwabta su shaida, buga wa 'yan sanda 911, sannan a shigar da ƙara ta manhajar Najiz ta Ma'aikatar Shari'a.

Amma inda mutanenmu suka fi faɗuwa shi ne takarda. Ƙarfin ƙararka yana ga yarjejeniyar da aka yi wa rajista a tsarin Ejar, kuma rajistar sai da igama mai rai. Hayar baka da biyan kuɗi hannu da hannu ba rasit, wallahi wahala suke jawowa. Ku duba ranar ƙarewar yarjejeniyarku tun yau. Wasu masu gidajen da gangan suke tsayar da ita kafin Zulhijja.