Littafin Baftisma na Moneygall: Jawabi ga Dattawa da Sakatarorin Ikkilisiya



Ranar 23 ga Mayu 2011, jirgi mai saukar ungulu ya sauke shugaban Amurka na wancan lokaci, Barack Obama, tare da matarsa Michelle, a wani ɗan gari mai suna Moneygall a ƙasar Ayalan. Mutanen garin duka kimanin 300 ne. Ya gaisa da jama'a a bakin titi, ya shiga gidan kakanninsa, ya kuma leƙa mashayar garin. Wannan na ƙarshen ba shi ne darasinmu na yau ba, dattawa.

Me ya kai shi can? Littafin coci ne. A shekarar 1850, lokacin babbar yunwar da ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya a Ayalan, wani saurayi mai shekara 19, Falmouth Kearney, ɗan mai ɗinkin takalma, ya bar Moneygall ya tafi Amurka. Shi ne mahaifin kakar kakan Obama ta wajen uwa. A 2007 masu binciken asali suka bi sawunsa, sai limamin Anglikan na yankin, Canon Stephen Neill, ya buɗe tsofaffin littattafan majami'ar Templeharry, ya tarar da sunayen iyalin Kearney a rubuce.

Ku lura da wannan. Yawancin mutanen Ayalan 'yan Katolika ne, Anglikan kuwa 'yan tsiraru ne, kamar yadda muke a garuruwanmu. Wanda ya rubuta waɗannan sunaye bai san shugaban ƙasa zai fito daga zuriyar ba. Iyalin mai takalma kawai ya gani, ya rubuta su yadda ya kamata, waɗanda suka gaje shi kuma suka adana littafin fiye da shekara 150. Ba kowace ikkilisiya ce ta samu haka ba. A 1922, lokacin yaƙin basasa, ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Dublin ta ƙone, littattafan ikkilisiyoyin Anglikan kimanin 1,000 suka tafi a wutar. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda aka riƙe a gida, ko aka kwafa kafin a aika.

Littafi Mai Tsarki bai raina wannan aiki ba. A Ezra sura 2, wasu daga zuriyar firistoci sun dawo daga bauta a Babila, suka nemi sunayensu cikin littafin asali ba su samu ba, aka hana su aikin firist.

To, ina namu littattafan? Na ga inda littafin baftisma yake kwance ƙarƙashin buhun masara a ɗakin ajiya, gara ta cinye rabinsa. Na ga inda fasto ya tafi canjin wurin aiki da littafin aure a cikin akwatinsa. Wasu kuma sun ƙone tare da majami'u a lokacin rikici, babu kwafi ko ɗaya. Ba shugaban Amurka muke jira ba. Gwauruwa ce za ta zo neman shaidar aurenta ranar da dangin miji suka tasar wa gado. Yaronmu ne za a ce masa baƙo ne a garin da aka binne kakansa, ya rasa takardar da zai nuna.

Don haka ina roƙon kowane sakatare ya fito da littattafan baftisma, aure da jana'iza a gaban dattawa kafin taronmu na gaba. A rubuta cikakken suna, sunan iyaye, ƙauye da kwanan wata, da biro, ba fensir ba. Matasa su ɗauki hoton kowane shafi da waya. Kwafi ɗaya ya zauna a majami'a cikin akwatin ƙarfe, ɗaya a kai ofishin gunduma. Ikkilisiyar da littafinta ya riga ya ƙone kuwa, ta zaunar da tsofaffinta tun suna da rai, a sake rubutawa daga bakinsu, shaidu biyu su sa hannu.