Karatun Launin Ruwa a Bahar Maliya



Tekun da na zaɓa mu yi nazari a kansa yau, wato Bahar Maliya, ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Tun kafin jirgin sama, alhazanmu kan ratsa Borno da Wadai da Darfur su isa Sawakin, su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Wasunsu ma can suka zauna, jikokinsu na Sudan har gobe.

Duk wanda ya bar gaɓar Port Sudan da hantsi ya nufi murjanin Sanganeb, tafiyar kimanin kilomita 25, zai ga ruwa yana sauya launi a ƙarƙashinsa. Kusa da gaɓa tsanwa ne garai-garai, har kana iya ganin inuwar jirginka tana tafiya bisa farin yashi. Can gaba sai ya koma shuɗi mai duhu, kamar ƙyallen da aka tsamo daga karofin Ƙofar Mata. Da an doshi murjani kuma sai tabbai masu ruwan ƙasa su bayyana, ƙananan kifaye ja da rawaya suna watsewa daga gefen jirgi.

Fasinja sha'awa yake yi. Matuƙi kuwa karatu yake yi. Shuɗi mai duhu zurfi ne, a wuce lafiya. Tsanwa yashi ne kusa, a rage gudu. Ruwan ƙasa murjani ne dab da saman ruwa, wanda zai iya farke cikin jirgi. Shi ya sa gwanaye ba sa shiga tsakanin murjani sai rana ta ɗaga kuma tana bayansu, ga mutum guda tsaye a goshin jirgi yana nuna hanya da hannu.

To, daga ina launin yake? Hasken rana haɗin launuka ne. Ruwa kan shanye ja cikin 'yan mitocin farko, sannan rawaya, sannan kore. Shuɗi ne ke nutsawa nesa, kuma shi ke warwatsuwa ya dawo wa ido. A da ana cewa teku hoton sama kawai yake maidowa. Masanin nan ɗan Indiya, C. V. Raman, ya ƙi yarda da haka a tafiyarsa ta jirgin ruwa a Bahar Rum a 1921, ya nuna cewa ruwan da kansa yana warwatsa haske.

Bahar Maliya ya fi wasu tekuna garau domin babu kogin da ke zuba masa laka duk shekara, ruwan sama kuma kaɗan ne. Gishirinsa kuwa ya kai kusan giram 40 a kowane kilo na ruwa, alhali matsakaicin sauran tekuna 35 ne. Ga abin mamaki: wannan shuɗi alamar talauci ce. Ruwan da ya ƙoshi da ƙananan tsirrai, abincin kifi, kore yake zama. Arzikin tekun zafi a jikin murjani ya tattaru, shi kuma murjani launinsa da cimarsa daga wata ƙanƙanuwar gansakuka ce da ke zaune cikin jikinsa. Idan ruwa ya yi zafi fiye da ƙima na makonni, sai murjanin ya kore ta, ya zama fari fat, in abin ya daɗe ya mutu.

A 2016 UNESCO ta sa Sanganeb da Dungonab, duka a tekun Sudan, cikin wuraren gado na duniya. Amma takarda ba ta sanyaya ruwa. Ɗalibanmu na kimiyya, hotunan tauraron ɗan Adam suna auna launin ruwa yau, kuma dabarar tana aiki a Tafkin Chadi da madatsar Kainji. Ku koyi karatun, domin masuntanmu na buƙatarsa.