Lungunan Bakin Teku da Mota Ba Ta Zuwa: Yadda Za a Je a Dawo Lafiya, a Bar Wurin Lafiya



Takardata ta shafi ƙananan lungunan bakin teku, waɗanda duwatsu ko tuddai suka kewaye, babu titin da ya kai can. Abin da nake so in tabbatar shi ne, keɓewar da ke sa mutane sha'awar irin waɗannan wurare ita ce ke ɗora wa baƙo aikin mai ceto da na mai kwashe shara, domin motar asibiti ba ta zuwa, motar shara ma haka.

Mu ɗauki Tarkwa Bay da ke Legas, a bakin mashigar tashar jiragen ruwa. Ba a zuwa sai a kwale-kwale, daga Marina ko Ikoyi, don haka hatsarin farko yana kan hanya. Hukumar LASWA mai kula da hanyoyin ruwa na Legas ta wajabta sanya rigar kariya, amma sanyawa daban, ɗaurewa daban: rigar da aka rataya a kafaɗa ba a ja maɗaurinta ba, da an faɗa ruwa sai ta zame ta kai. A ƙi shiga jirgin da aka yi wa lodi, a kuma tsayar da lokacin komawa da matuƙi tun rana na sama.

Ruwan Tarkwa ya fi na sauran gaɓar Legas kwanciya saboda ganuwar duwatsun da aka gina a farkon ƙarni na 20 don kare mashigar. Amma ɗan taku kaɗan bayan ganuwar akwai Lighthouse Beach, inda Tekun Atlantika yake a buɗe da dukkan ƙarfinsa. A nan nake so in daɗe, domin wanda ya koyi iyo a Kogin Kaduna ko Dam ɗin Tiga yakan ɗauka ruwa duk ruwa ne. Ba haka ba ne. Ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa dole ya nemi hanyar komawa, sai ya taru a wani siririn kwari tsakanin tuddan yashi ko a gefen ganuwa, ya kwarara cikin teku da gudu. Abin tsoron shi ne wurin ya fi ko'ina kama da lafiya: ruwan ya yi duhu, babu farin kumfa, igiya ba ta fashewa. Ka tsaya a tudu ka duba. In ka ga leda ko ciyawa tana tafiya can ciki ita kaɗai, to nan ne. Ƙungiyar masu ceto a bakin teku ta Amurka ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na ceton da ake yi a gaɓoɓin da ke da igiya, wannan ruwa ne sanadi. Ba ya jan mutum ƙasa, waje yake kai shi, gajiya da firgici ne ke kisa. Wanda ruwan ya kama kada ya yi kokawa da shi. Ya kwanta rigingine, ya ɗaga hannu, ko ya yi iyo ta gefe, daidai da layin gaɓa, har ya fita daga kwarin. Na kan tudu kuma ya jefa masa jarka ko igiyar ɗaure kaya, kada ya bi shi.

Sai cikar teku da janyewarsa. A yawancin gaɓoɓi sau biyu yake cika cikin kimanin awa 24 da minti 50, kuma cikar ta fi yawa a kwanakin sabon wata da na tsakiyar wata, lissafin da ba baƙo ba ne gare mu. A lungun da ake shiga ta gindin dutse, hanyar da aka bi da hantsi tana iya nutsewa kafin la'asar. Masunta sun san wannan da ka. A gaishe su, a tambaye su.

Kan haƙƙin wurin kuwa, Maya Bay ta ƙasar Tailan ta isa misali. Bayan fim ɗin The Beach na shekarar 2000, wanda aka ɗauka a can, dubban mutane suka riƙa dafifi kullum, jirage suka lalata murjanin da ke ƙarƙashin ruwa. Hukuma ta rufe wurin a watan Yunin 2018, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. A tsakanin nan kifayen shak suka dawo. Yau an hana iyo, an hana jirage shiga lungun, an ƙayyade yawan baƙi da lokacin zamansu. Ban ga dalilin jira sai an kai ga rufewa ba.

Tarkwa kuma wurin neman abincin wasu ne, masunta da masu hayar rumfa da matasa masu wasan hawa igiya. Ledar fiya wata da gorar lemon da aka bari, ko dai su tsince, ko teku ya kai su cikin komar wani.

Shawarata ga makarantu da ƙungiyoyin da ke shirya irin wannan tafiya ita ce a naɗa mutum guda da ba zai shiga ruwa ba, aikinsa ƙirga kawuna kawai, a bar wa wani a gari sunan wurin da lokacin dawowa tunda sabis ɗin waya na iya yankewa, a kuma tafi da buhun da za a dawo da shara a ciki.