Ɗan Ƙasa Ne Ko Baƙo? Jawabi Ga Ɗalibanmu Na Agege



A muhawarar da kuka yi ɗazu, wani ɗalibi ya ce a nan Agege aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa, amma da ya je neman shiga babbar makaranta sai aka ce ya kawo takardar shaidar asali daga wata ƙaramar hukuma a Arewa, wadda bai taɓa kwana cikinta ba. Ya tambaya, shin shi ɗan ina ne? A kan wannan zan yi magana.

Kakanninmu fataucin goro da shanu ya kawo su Ikko, jirgin ƙasa kuma ya ƙara musu yawa. Sun zauna bisa amana tsakaninsu da masu masauki. Yau bayan amana akwai doka.

A 1975 Janar Murtala Muhammed ya naɗa kwamitin rubuta tsarin mulki a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams. Aikinsu ya haifi tsarin mulkin 1979, wanda na 1999 ya gaji mafi yawansa. Sashe na 15 ya ɗora wa hukuma nauyin tabbatar wa kowane ɗan Nijeriya cikakken haƙƙin zama a ko'ina cikin ƙasar, ya kuma hana nuna bambanci saboda asali, ko addini, ko harshe.

To, amma fa a lura. Wannan sashe yana cikin Babi na 2, wanda sashe na 6 ya hana kotu bin kadinsa. Alkawari ne wanda ba ka iya kai ƙara in an saɓa. Bugu da ƙari, sashe na 147 ya ce ministan da za a ɗauka daga kowace jiha sai ya kasance ɗan asalinta. Ta wannan kafa maganar asali ta sami gindin zama.

Sai dai kada ku karaya, domin Babi na 4 yana da haƙora. Sashe na 41 ya ba ka ikon tafiya da zama inda ka so, na 42 ya hana a ware ka saboda ƙabila ko wurin asali, na 43 ya ba ka ikon mallakar fili da gida ko'ina, na 46 kuwa ya buɗe maka ƙofar Babbar Kotu. A 1980 aka kori Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Jihar Barno, zuwa Cadi, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Kotu ta ce korar haramtacciya ce, ya komo gida.

Mun ga abin da rashin kiyaye waɗannan haƙƙoƙi ke jawowa. An yi asarar rayuka a Ketu a 1999, da Idi-Araba a 2002. A watan Agusta na 2019 aka tsare mutum 123 da suka taso daga Jigawa da baburansu, daga baya aka sake su. Ƙalilan ne cikin irin waɗannan bayin Allah suka san akwai sashe na 41.

Rashin sani ya fi dare duhu. Ku da Allah ya ba ku karatu, ku fassara wa ɗan acaba da mai shayi da mahauci waɗannan sassa da Hausa. Ku sa su yi rajistar zaɓe a nan inda suke zaune, su biya haraji su adana rasit, su kiyaye dokar gari, su girmama maƙwabtansu Yarabawa. Kuma in kun je Arewa, ku tsaya wa Bayarabe da Ibo mazauna Sabon Garin Kano kamar yadda kuke so a tsaya muku a nan, domin sashen da ya kare ku shi ya kare su.

Allah ya ba mu zama lafiya. Wassalam.